Haƙorin da ba ya famfara

Kwana biyu an ji ni shiru, to ba komai ya jawo ba illa zirga-zirgar asibiti da ƙanina, autan gidanmu, mai shekara 9. Ranar Talatar da ta wuce aka cire masa haƙori, turmi na ƙasa ta ɓangaren hagu, kuma wannan haƙorin ya tafi ke nan, ba zai sake fitowa ba. Tun da muka dawo gida abin yake cina a rai, don ni na san da hannuna a ciki, na san da hannun Baba, da na Inna, kai har da na duk wani ɗan Sabo da ya taɓa miƙa wa yaron nan minti don ya yi shiru.

Mu a nan Sabon Ibadan aka haife mu. Baba yana da shagon tireda, kuma duk wanda ya san irin shagon ya san abin da ake jerawa a gaba, daidai inda idon yaro zai faɗa: robobin alawa, minti, cingam, biskit, tuwon madara da gullisuwa da mata suke kawowa a sayar musu, sai firji cike da lemon kwalba. A ƙarƙashin teburin nan Auta ya yi rarrafe. In ya yi kuka a ba shi, in ya yi aike a ba shi, in wani ya zo sayayya ya ga yaro mai fara'a ya saya masa. Ko babu canji, ai kowa ya san yadda ake yi, minti ne canjin. Ban taɓa ganin an ba shi da yawa a lokaci guda ba, ɗaya-ɗaya ne, amma daga safe har dare bakinsa ba ya hutawa.

Wajen shekara guda ke nan da ya fara cewa haƙorinsa na yi masa zafi in ya sha ruwan sanyi. Inna ta buɗe bakin ta duba, ta ga ɗan baƙi a can ƙurya, ta ce haƙorin nono ne, zai famfare wani ya fito. Ni ma haka na ce. Baba ya ce a sa masa kanumfari. Da abin ya yi gaba sai kemis, aka sayo maganin kashe ciwo da kafso, ya lafa, muka manta. Ya sake tashi, aka sake sayowa. Daga baya ma ciwon ya ɗauke gaba ɗaya har muka ce Alhamdulillahi ya warke. Sai ga shi wata safiya ya tashi kumatu ya haye, ga zazzaɓi, ko baki ba ya iya buɗewa sosai. A nan ne fa muka nufi asibiti.

Likitar da ta duba shi, wata Bayarabiya ce, ba ta yi mini faɗa ba, amma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta kira ni ta nuna mini da ɗan madubinta. Ta ce Malam, ƙirga mini daga tsakiya. Na ƙirga, na shida ne ya ruɓe. Ta ce to haƙoran nono biyar ne a kowane ɓangare, sama da ƙasa, dama da hagu, shi ya ba da 20. Wannan na shidan ba ya cikinsu. Na dindindin ne, kuma shi ne kan gaba wajen fitowa, tun yaro yana wajen shekara 6. Abin da ke ruɗin iyaye shi ne yana fitowa ne a bayan sauran, ba tare da wani ya faɗi ba, babu giɓi, babu jini, ba wanda zai ce Auta ya fara famfara. Sai ya zauna shiru a ƙurya inda buroshi ba ya kaiwa, ga samansa da ƙananan ramuka inda abinci yake maƙalewa. Ta ce da mun zo lokacin da ya fara jin ruwan sanyi, cikewa kawai za a yi mu koma gida. Shirun da ciwon ya yi kuwa, wanda muka yi wa murna, jijiyar haƙorin ce ta mutu, daga nan ruɓar ta gangara ƙasa ta tara mugunya.

Wallahi na yi sakandare, na yi karatun kimiyyar jikin ɗan Adam, na haddace cewa babba yana da haƙora 32, amma ban taɓa jin wannan ba. Na kuma tambayi samari kusan goma a majalisarmu, babu ko ɗaya da ya sani. Wannan ne ya sa na ce bari in rubuta, ko wani zai je gida ya buɗe bakin ƙaninsa ko ɗansa ya ƙirga.

Kuma ko da a ce na nonon ne, maganar "ai zai faɗi" ba magana ba ce. Turamen nono ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Yaron da turminsa ya ruɓe yana ɗan shekara 4, kana nufin ya zauna da ciwo shekara shida ko bakwai ke nan? Da me zai tauna abinci? Yaya zai yi barci, yaya zai yi karatu a makarantar boko da ta allo? Sannan haƙorin nono shi ke riƙe wa na ƙarƙashinsa wuri. In aka cire shi da wuri sai na kusa su matso, sabon ya zo bai sami gurbi ba ya fito a karkace.

Yanzu bari in zo kan abin da muka yi ta musu da Baba a kai. Shi a ganinsa tsutsa ce, kuma ba shi kaɗai ba. Kowa a cikinmu ya taɓa ganin masu magani a bakin kasuwa ko tasha suna turara wa mutum hayaƙi a baki, can sai su nuna masa wasu 'yan fararen abubuwa a ruwa su ce ga tsutsar ta fito. Na yarda da wannan ina yaro. Ashe ba mu kaɗai muka taɓa yarda ba, Turawa ma sun daɗe a kai, sai a 1728 wani likitan Faransa mai suna Pierre Fauchard ya fitar da littafinsa a kan haƙora inda ya nuna shakku a kan zancen tsutsar, a 1890 kuma wani Ba'amurke, W. D. Miller, ya yi bayanin yadda abin yake faruwa. Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune a cikin wannan dattin mai yauƙi da kake ji a jikin haƙori in ka wayi gari. Abincinsu sukari. Da zarar ka sa abu mai zaƙi a baki sai su ci su fitar da asid, asid ɗin ya shiga narkar da farin ɓawon haƙori. Allah cikin ikonsa ya sa miyau yana wanke asid ɗin, yana kuma mayar wa haƙori abin da ya rasa, amma yana buƙatar lokaci, rabin awa zuwa awa guda. To ka ga inda gizo yake saƙar. In yaro ya shanye minti biyar a zama ɗaya bayan cin abinci, hari ɗaya aka kai wa haƙorinsa. In ka ba shi biyar ɗin nan ɗaya-ɗaya daga safe zuwa yamma, hari biyar ne, miyau bai gama gyara ba an sake rushewa. Mu da muke ganin muna taƙaita wa Auta da muke ba shi ɗaya-ɗaya, ashe mafi munin hanya muka bi.

Wannan ba shaci-faɗi ba ne, an gwada shi a kan mutane, kuma ta hanyar da ba ta dace ba. A ƙasar Suwidin, a wani asibitin masu taɓin ƙwaƙwalwa da ake kira Vipeholm a garin Lund, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an riƙa ba marasa lafiya alawa mai danƙo tsakanin abinci don a ga abin da zai faru. Haƙoransu suka lalace, fiye da na waɗanda aka ba sukarin tare da abinci nesa ba kusa ba. An buga sakamakon a 1954. Zalunci ne, don mutanen ba su san abin da ake yi da su ba, kuma daga baya 'yan ƙasar da kansu sun yi tir da shi. Amma daga nan ne suka samo al'adar da suke kira alawar Asabar, wato yaro ya sha alawarsa rana ɗaya a mako ya huta sauran kwanakin. Da na karanta sai na ce mu me zai hana mu yi alawar Juma'a? Dama ranar ce yara suke samun 'yan kuɗi bayan an sauko daga masallaci.

Baba ya kawo hujjar da na san da yawa daga masu karatu za su kawo. Ya ce kakanmu a can gida bai taɓa riƙe buroshi ba, asuwaki ne kawai, kuma ya rasu da haƙoransa yana tauna goro. Gaskiya ne, ban musa ba. Asuwaki sunna ne, kuma yana cire datti in an iya yin sa, Yarabawan da muke zaune da su ma suna da nasu, suna kiransa orin ko pako, za ka ga tsoho da shi a baki tun da sassafe. Amma na ce Baba, kaka lemon kwalba nawa yake sha a rana? Tuwo ne da miya, fura da nono, sai rake in lokacinsa ya yi, nakiya da alkaki sai an yi biki. Asuwakin ya isar masa ne don abokin gabar bai yi yawa ba. Mu kuwa mun riƙe makamin kaka, amma mun canza abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da jiki yake samu na kuzari a rana, wato wajen cokalin shayi 12 ga babba, ta ce in so samu ne ma a tsaya a rabin haka, cokali 6. Kwalbar lemo ɗaya ƙarama tana iya kai cokali 8 zuwa 9. Yanzu ka lissafa wa ɗan'uwanmu mai aiki a kasuwar Bodija ko Sasa: shayi mai kauri da safe wajen mai shayi, sukari ba a awo, ga madara, da rana zoɓo ko lemo mai sanyi don zafi, da yamma minti a haɗa da goro, da dare a koma teburin mai shayi a yi hira har sha biyu, daga nan sai shimfiɗa. Da dare kuwa miyau raguwa yake yi, shi ya sa kwanciya da zaƙi a baki ta fi kowace ɓarna. Haka nan jaririn da ake cusa wa fida da shayi ko kunu mai sukari ya yi barci da ita a baki, shi ne za ka ga haƙoran gabansa na sama sun yi baƙi sun gutsuttsure tun bai shiga makaranta ba.

Ni dai ra'ayina, a yi asuwaki a kowace alwala, amma a haɗa da buroshi da makilin sau biyu a rana, ɗaya lallai kafin kwanciya. Abin da makilin yake da shi wanda itace ba zai ba ka daidai gwargwado ba shi ne sinadarin fuloraid, wanda yake taimaka wa miyau wajen gyaran ɓawon haƙori ya kuma ƙara masa tauri. Ka juya kwalin ka duba, za ka ga an rubuta adadinsa, ana son ya kai 1000 zuwa 1500. Ba kowane man da ake tallarsa da sunan na ganye yake da shi ba, ni da nake jera su a shago ma sai yanzu na fara dubawa. Yaro ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, tun daga ranar da haƙori na farko ya fito, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama, kuma babba ne zai goge masa ko ya tsaya a kansa har ya kai bakwai ko takwas. Wani abin da ya ba ni mamaki, likitar ta ce in an gama a tofar kawai, kada a kuskure baki da ruwa, don kuskurewar tana wanke maganin. Mu da muka saba kuskure baki sau uku, wannan kam sai da na yi kwanaki kafin hannuna ya daina kai wa buta.

To mu manya fa? Laifinmu ya fi na yara, don mu mun san ciwon amma muna wasa da shi. Akwai wata ɗabi'a da na lura da ita a tsakaninmu mazauna Kurmi, komai sai a ce "sai na je gida". Mutum ya shekara ashirin a Ibadan, a nan ya yi aure, a nan ya haihu, amma asibiti sai ya je gida da Sallah. Wani tsoron Turanci ne, wani ba ya son a kira shi aboki a gaban jama'a, wani kuma ba zai iya rufe shago wuni guda ba. Na fahimci duk wannan, ni ma na ji irin kallon da ake yi mana a layi. Amma rami ba ya jiran Sallah, kuma haƙori ba fata ba ne da zai warke da kansa. A garin nan akwai asibitin koyarwa na UCH tun 1957, da sashen haƙori a cikinsa, ga na gwamnatin jiha, ga masu zaman kansu. Maimakon haka sai mu yi ta sa abin da ya zo hannu. Na ga wanda ya danna ƙwayar asfirin a kan dasashi har wurin ya yi fari ya saɓule. Na ji masu sa ruwan batir, da fetur, da taba gari. Kanumfari shi kam yana da mai da ke kashe zafi na ɗan lokaci, ba na ƙaryata shi, amma bai taɓa cike rami ba. Kafso kuwa da muke sha kamar gyaɗa, kumburin yake kwantarwa, tushen ciwon yana nan, sai ma ƙwayoyin cutar su saba da maganin su daina jin sa ranar da ake buƙatarsa da gaske. Kada kuma wani ya ce ciwon haƙori ba ya kisa. A 2007 a jihar Maryland ta Amurka, ƙasar da ake ganin ta fi kowa likitoci, wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu saboda mugunyar haƙori ta kai ƙwaƙwalwarsa. In kumburi ya doshi ido, ko ya sauka ƙarƙashin haɓa, ko haɗiya da numfashi suka fara wuya, a wannan daren ake tafiya asibiti, ba gobe ba.

In an je ɗin ma, da yawanmu kalma ɗaya muke shiga da ita: a cire. Na san dalili, cirewa ta fi araha, kuma an gama ke nan. Amma ina roƙo a riƙa tambaya tukuna ko zai ciku. Ƙaramin rami ana share shi a cike. Akwai ma hanyar da aka fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, wadda ba ta buƙatar injin nan mai ƙara da yara suke tsoro, da ɗan ƙarfen hannu ake kwalfe ruɓar a liƙe da wani irin siminti na haƙori. Akwai ruwan magani mai azurfa da fuloraid da ake shafawa ya tsayar da ruɓa, illarsa dai wurin yana yin baƙi. Wannan simintin da wannan ruwan da kuma makilin mai fuloraid, duka ukun Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su a jerin magungunan da ta ce wajibi ne a samu tun 2021. Shi kansa turmin shekara shida, ana iya liƙe ramukan samansa tun yana lafiya don kada abinci ya sami wurin zama. In ruɓa ta kai jijiya, ana iya wanke jijiyar a cike a bar haƙorin, sai dai wannan kam da tsada, kuma ba zan yi wa talaka ƙaryar cewa kowa zai iya ba. Shi ya sa zuwa da wuri ya fi zama dole ga mara kuɗi fiye da mai kuɗi. Abin dariya, mu ne fa muke dawowa daga aikin Hajji da haƙorin Makka yana ƙyalli a gaba, alhali a can ƙurya turame biyu sun zama kogo.

Na san wani zai ce to ɗan mai tireda, ku da kuke sayar da alawar, kai ne za ka yi mana wa'azi? Ya yi gaskiya. Da ribar mintin nan aka biya mini kuɗin makaranta, kuma ban ce Baba ya daina sayarwa ba, in ya daina na kusa da shi zai sayar. Gwamnati ma da ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, ban ga wanda ya fasa sha a gaban shagonmu saboda ita ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutum wajen biliyan 2 ne suke da ruɓa a haƙoran dindindin, yara miliyan 514 kuma a na nono, don haka ba Sabo kaɗai abin ya shafa ba, ba kuma shagon Baba ne zai gyara duniya ba. Abin da nake iyawa shi ne na cikin gidanmu da na gaban teburinmu. Na daina ba yara minti a matsayin canji, gara in ba su gyaɗa ko in ce su dawo anjima. In uwa ta zo da yaro yana kuka tana neman abin lallashi, ina gaya mata labarin Auta, wata ta saurara, wata ta ce Malam ba ni abin da na tambaya.

Shekaranjiya na sa ƙannena da 'ya'yan yayata su biyar suka jeru a tsakar gida, na haska bakin kowa da fitilar waya ina ƙirgawa daga tsakiya. Biyu na ga ɗan baƙi a na shidan, mun shirya komawa da su ranar Litinin. Shi kuwa Auta, da likita ta duba sauran turamensa uku ta ce ɗaya ya fara, an riga an cike shi, biyu lafiya lau. Jiya da dare yana wasa da harshe a giɓin ya ce, "Yaya, yaushe sabon zai fito?" Na ce masa ya je ya ɗauko buroshinsa tukuna.

Robobin alawar kuwa, na ɗauke su daga gaban tebur na mayar saman kanta inda hannun yaro ba ya kaiwa. Baba ya shigo ya duba, bai ce komai ba. Da na dawo daga sallar La'asar na tarar ya sauko da ta cingam da ta tuwon madara, ya bar sauran a sama. Yau da safe na sake mayar da su.